Kashmiya: Yadda gashin akuya ke zama suwaita mai tsada

Kashmiya wani lallausan ulu ne da ake samu daga jikin wasu awaki da ke rayuwa a wurare masu tsananin sanyi a nahiyar Asiya. Sunan ya samo asali ne daga yankin Kashmir, inda masaƙa suka yi fice wajen saƙa mayafai da shi tun zamanin sarakunan Mughal. A yau China ce kan gaba wajen samar da ɗanyen ulun, musamman a yankinta na Mongoliya ta Ciki, sai ƙasar Mongoliya, sannan Afghanistan da Iran. Abubuwa biyu ne ke sa suwaitar kashmiya tsada: ƙarancin abin da akuya ɗaya ke bayarwa, da yawan hannayen da ulun ke bi kafin ya isa kanti.

Asalin ulun

A hamadar Gobi da kewayenta, sanyin hunturu kan kai digiri 30 zuwa 40 ƙasa da sifili. Domin jure wa haka, akuyar kan fito da gashi iri biyu: na waje mai kauri da kaushi, da na ciki mai taushi da ke manne da fata. Na cikin shi ne kashmiya. Ana auna kaurinsa da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. A dokar Amurka, ba a kiran ulu kashmiya idan matsakaicin kaurin silinsa ya wuce maikiron 19, kuma mafi daraja yana tsakanin 14 da 16. Gashin kan ɗan Adam yakan ninka haka sau uku ko fiye. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna a duniya, ba ta da irin wannan gashi, domin yanayin da take rayuwa bai buƙace shi ba.

Tsakanin watan Maris da Mayu, sa'ad da sanyi ya ja baya, gashin kan fara saki da kansa. A lokacin ne makiyaya ke taje shi da matajin ƙarfe, ko da yake a wasu wuraren aske dabbar ake yi. Bayan an tace, abin da akuya ɗaya ke bayarwa a shekara bai cika wuce giram 150 zuwa 200 ba. Ke nan suwaita ɗaya takan cinye amfanin shekara na awaki uku ko huɗu.

Tacewa, rini da kaɗi

Aikin farko shi ne ware ulun da hannu bisa launi da laushi. Fari ya fi ruwan toka da ruwan ƙasa kuɗi, domin yana karɓar kowane irin rini. Daga nan sai a wanke shi don cire maiƙo da yashi, a kai shi injin da ke raba kaushin gashin waje da lallausan na ciki. Wani Bature mai suna Joseph Dawson ne ya samar da injin wannan aiki a yankin Bradford na Ingila a ƙarshen ƙarni na 19. A waɗannan matakai kusan rabin nauyin ɗanyen ulun kan tafi, wani lokaci ma fiye. Idan aka matsa wa ulun a inji, silin kan karye ya gajarce, kuma gajeren sili shi ne ke dunƙulewa ya zama ƙananan ƙullutai a jikin riga bayan an sa ta 'yan kwanaki.

Manyan masana'antu kan rina ulun tun kafin a kaɗa shi, su gauraya launuka daban-daban don fitar da wanda suke so. Sai a shiɓe shi kamar yadda ake shiɓar auduga, a kaɗa shi ya zama zare. Yawanci ana murɗa zare biyu wuri ɗaya, abin da ke ƙara wa rigar ƙarko, ya kuma hana ta karkacewa.

Saƙa da haɗawa

Injinan saƙa na zamani, irin na kamfanin Shima Seiki na Japan da Stoll na Jamus, da kwamfuta suke aiki. Ana bambanta saƙa da yawan alluran da ke cikin inci ɗaya: mai allura 12 marar kauri ce, mai 5 ko 7 kuwa ta tsananin sanyi ce. A riga mai daraja, gaba da baya da hannuwa kowanne ana saƙa shi ne daidai siffarsa. A mai araha kuwa, ana saƙa doguwar shimfiɗa ne, a yanka da almakashi, a ɗinke.

Haɗa sassan shi ne aikin da ya fi cin lokaci. Ma'aikaci kan saƙala madaukan zaren ɗaya bayan ɗaya a kan haƙoran wani zagayayyen inji, domin wuya da kafaɗa su haɗu ba tare da tudun ɗinki ba. Bayan haka ake wanke rigar don gashin ya tashi ya yi laushi. Ruwan kogin Teviot marar gishiri na daga cikin abubuwan da suka sa garin Hawick na Scotland ya zama cibiyar wannan sana'a. Daga ƙarshe sai guga da tururi da binciken kowace riga.

Manyan masu sana'ar

A Scotland akwai Johnstons of Elgin, wanda aka kafa a 1797, da Pringle na 1815. A Italiya akwai Loro Piana, wanda aka kafa a 1924, kuma rukunin LVMH na Faransa ya sayi kashi 80 cikin 100 nasa a 2013 kan Yuro biliyan biyu, sai Brunello Cucinelli da ya fara a 1978. Ƙasashen da ke kiwon awakin ma sun daina tsayawa ga sayar da ɗanyen ulu: kamfanin Erdos na China da Gobi na Mongoliya suna saƙa nasu kayan.

Nauyin da ke kan makiyaya

Tun bayan 1990, da aka mayar da dabbobin Mongoliya hannun masu kiwo, yawan awakin ƙasar ya tashi daga kimanin miliyan biyar zuwa fiye da miliyan 20. Akuya kan ci ciyawa har kusa da saiwa, don haka filayen kiwo da dama sun lalace. Ga kuma mugun sanyin da 'yan ƙasar ke kira dzud, wanda ya kashe dabbobi fiye da miliyan bakwai a hunturun 2023 zuwa 2024. Ga iyalai da yawa, kuɗin kashmiya ne babban abin da ke shigo musu a shekara.

Abin lura ga mai saye

Ga 'yan kasuwar da ke shigo da kayan sanyi gabanin hunturu, sabo ko gwanjo, rubutun da ke wuyan riga ba ya wadatarwa, domin ana gauraya kashmiya da ulun tumaki ko zaren roba. A duba takardar da ke bayyana kason kowane zare. A ja saƙar a sake ta: mai kyau takan koma yadda take. Laushin da ya wuce kima a sabuwar riga kan nuna an wanke ta fiye da ƙa'ida, kuma ba za ta daɗe ba. Ana wanke ta da hannu cikin ruwan sanyi, a shimfiɗa ta a inuwa ta bushe, a ninke ta maimakon ratayewa, a kuma ajiye ta inda asu ba zai kai gare ta ba.