Haɗewar 1931 da Rikicin Kwinin: Tarihin Ikilisiyar Apostolic Daga Mahangar Kano

Masu rubuta tarihin ɗarikun Fentikos a Nijeriya sukan ɗauki haɗewar Faith Tabernacle da Apostolic Church ta Birtaniya a 1931 a matsayin gamuwar masu aƙida ɗaya. A ganina wannan fahimta ta gaza. Neman inuwa ne ya haɗa su, shi ya sa auren bai kai shekara goma ba.

Tushen ƙungiyar Faith Tabernacle ta Nijeriya yana Ijebu-Ode, inda wasu mabiya Angilika suka kafa taron addu'a lokacin annobar murar 1918, bisa imanin cewa addu'a kaɗai ke warkarwa. A 1923 suka jingina da Faith Tabernacle ta Filadelfiya a Amurka, alaƙar da ba ta wuce wasiƙu da ƙasidu ba. Jirgin ƙasa kuwa ya iso Kano tun 1911, kuma layin dogon da ke kwashe gyaɗar manoman karkara irin su Minjibir shi ya kawo akawuna da ma'aikatan reluwe 'yan Kudu. Ta hannunsu rassan ƙungiyar suka tsiro a Zariya, Kaduna, Jos da Kano.

Farkawar da Joseph Ayo Babalola ya jagoranta a Ilesha a 1930 ta tara dubban jama'a, ta kuma jawo idon gwamnatin mulkin mallaka, wadda wa'azin ƙin asibiti da zargin maita ba su yi mata daɗi ba. Filadelfiya ba ta turo kowa ba. Shugabanni irin su David Odubanjo da Isaac Akinyele, wanda daga baya ya hau gadon Olubadan, sun gane cewa ikilisiyar da babu Bature a gabanta ba ta da bakin magana a ofishin Razdan. Suka gayyaci Apostolic Church. A Satumban 1931 D. P. Williams da abokan tafiyarsa biyu suka sauka Legas, aka ƙulla haɗewa, 'yan gida suka ɗauki sunan baƙi. Inuwar ma ba ta rufe kowa ba, don a 1932 an ɗaure Babalola wata shida a Benin.

Ɓangarorin biyu sun yarda da warkarwa ta addu'a, sai dai kowa da iyakar da ya sa mata. Turawan mishan suna haɗiyar kwinin don tsoron zazzaɓin cizon sauro. Mutumin da ya zubar da kwalbar magani da layarsa a gaban taro, ya jure gorin dangi, in ya ga ƙwayar magani a hannun malaminsa, dole ya ji an ci amanarsa, kuma bai kamata mai nazari ya raina wannan zafi ba. Tsakanin 1939 da 1940 aka rabu. Akinyele da Odubanjo da Babalola suka fita da jama'arsu, aka yi wa ikilisiyarsu rajista a 1943 da sunan Christ Apostolic Church. S. G. Adegboyega ya zauna tare da Turawan, kuma ɓangarensa ne ya zama yankin LAWNA, mai haɗa Legas da Yamma da Arewa.

A Kano duk wannan ya gudana ne cikin Sabon Gari, galibi da Yarabanci, a lokacin da gwamnati ke taƙaita wa'azin mishan a masarautu. Manomi ko masaƙin Minjibir da ya haɗu da Kiristanci a waɗannan shekaru, mai yiwuwa ta ƙofar da masu addu'ar suka rufe ya haɗu da shi: mishan na SIM ya riƙe gidan kula da masu cutar kuturta a Yadakunya, ya kuma buɗe asibitin ido a Kano a 1943, shekarar rajistar Christ Apostolic Church. Tarayyar da ta ɗauki sunan Hausa, wato Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Sudan ta 1955, wadda yau ake kira TEKAN, daga ikilisiyoyin mishan masu asibiti da makaranta ta fito, ba daga zuriyar haɗewar 1931 ba.