Kwana Arba'in a Bakin Teku

A watannin kulle na shekarar 2020, lokacin da kasuwanni suka yi tsit, na shiga neman amsar tambaya guda: yaya garin da ke ci da fatauci yake yi idan hanyar arzikinsa ta zama hanyar ajalinsa? Neman ya kai ni birnin Venis na Italiya, kuma littattafai uku ne suka yi mini jagora. Ina ba ɗalibi shawarar ya bi su a jeren da na bi.

Na farko shi ne na Janet Abu-Lughod, wanda ya fito a 1989, kan kasuwancin duniya tsakanin 1250 da 1350. Shi ne ya shimfiɗa mini taswira. Masoro da kanumfari da alharini suna tasowa daga Indiya da Sin, su ratsa Bahar Maliya ko daular Mongol, su sauka Iskandariya ko gaɓar Bahar Aswad, inda jiragen Venis da Jenowa ke jiransu. Wanda ya fahimci wannan ba zai yi mamakin abin da ya faru a Oktoban 1347 ba, sa'ad da jiragen Jenowa suka tsaya a Mesina ta tsibirin Sisili da matuƙa marasa lafiya. Annobar da Larabawa ke kira ɗa'un, Turawa kuma Baƙar Mutuwa, hanyar haja ta biyo, a jikin ɓeraye da ƙumansu. Kafin 1351 ta kashe aƙalla kashi ɗaya bisa uku na mutanen Turai. Akwai labarin da ake yawan maimaitawa, cewa sojojin Mongol sun cilla gawarwaki cikin garin Kaffa da suka yi wa ƙawanya. A yi hattara da shi, domin Gabriele de' Mussi da ya rubuta shi yana zaune ne a Italiya, bai gani da idonsa ba.

Wanda ya gani shi ne Ibn Battuta. Littafin tafiye-tafiyensa ne na biyu, kuma shi na fi ƙauna. A 1348 ya tarar da annobar a Dimashƙu. Ya ba da labarin yadda mutanen birnin suka yi azumin kwana uku, sannan suka fito ƙafa ba takalmi, Musulmi da Yahudawa da Kiristoci, kowa riƙe da littafinsa, suna kuka suna roƙon Allah. Alƙaluman masana ba su taɓa girgiza ni kamar wannan shafi ba. Da ya koma Maroko ya iske mahaifiyarsa ta rasu.

Na uku shi ne tarihin Venis da Frederic Lane ya wallafa a 1973. Littafi ne mai nauyi, cike da zancen ƙera jirage da haraji da ayarin jiragen da gwamnati ke gwanjonsu ga attajirai. Wasu babobin sai da haƙuri. Amma a nan ne na gane cewa birnin da aka gina a kan ruwa ba zai iya rufe ƙofarsa ba, domin hatta alkamar da yake ci ta jirgi take zuwa. Daga nan na bi sawu cikin wasu rubuce-rubuce don in ga dabarar da aka yi. Garin Ragusa, wato Dubrovnik ta yau, shi ya fara a 1377: duk wanda ya fito daga inda ake annoba sai ya zauna kwana 30 a keɓe kafin ya shiga gari. Venis ta keɓe tsibiri guda don masu cutar a 1423, ta ƙara wani a 1468 don waɗanda ake zargi da kayansu. Daga baya wa'adin ya koma kwana 40, kuma daga kalmar arba'in ta Italiyanci Turawa suka samo sunan killacewa da suke amfani da shi har yanzu. Ba su san ƙwayar cuta ba, sai a 1894 aka gano ta a Hong Kong. Jinkiri kawai suka saya, jinkirin kuma ya yi aiki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da suka ƙi sayensa. A 1576, cuta na yaɗuwa a unguwanni, aka kira manyan malaman likitanci biyu daga jami'ar Paduwa, Girolamo Mercuriale da Girolamo Capodivacca. Suka ce ba ɗa'un ba ce. Hukumar lafiya ta birnin ta yi musu gardama, amma majalisa ta karɓi maganar baƙin, domin furta sunan annoba na nufin sauran tashoshi su juya wa jiragen Venis baya. Aka sassauta killacewa. Kafin cutar ta lafa a 1577, kimanin mutum 50,000 sun mutu, kusan kashi ɗaya bisa uku na birnin. A cikin waɗanda aka binne a watan Agustan 1576 har da Titian, babban mai zanen Venis.