Wasan yaƙi a kan taswira: daga Purusiya zuwa salular ɗanka

Wani uba ya tare ni bakin lakwal, ransa a ɓace. Ya ce ɗansa ya shiga wani rukuni a WhatsApp inda kullum dare ake zancen runduna da garuruwan da aka ci, har da jefa ƙwayar ludo. Ya ce: "Mushe, ba caca ba ce?" Na ce ya zauna mu yi magana, don wasan nan ya girmi kakanninmu.

A 1824 wani hafsan sojan Purusiya, a Jamus ta yau, mai suna Reisswitz, ya gyara wasan da mahaifinsa ya ƙirƙiro, ya nuna shi ga shugaban hafsoshi, Janar Müffling. Sunansa Kriegsspiel, wato wasan yaƙi. Ana shimfiɗa taswira ta gaskiya, ƴan gutsattsarin ƙarfe ja da shuɗi su tsaya a madadin sojoji. Abin da ya fi burge ni shi ne alƙalin wasa. Kowane ɓangare yana rubuta umarninsa a takarda ya miƙa masa, shi kaɗai ya san inda kowa yake, kuma ba ya gaya maka sai abin da sojojinka za su iya gani da idonsu. Ƙwayar da ake jefawa tana wakiltar abin da ba ya hannun kwamanda, kamar harbin da ya kuskure. Müffling ya ba da shawarar sojoji su riƙa horo da shi, kuma bayan Purusiya ta ci Faransa a 1871 wasu ƙasashe suka kwaikwaya.

Daga bariki wasan ya shigo gida. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya wallafa Little Wars, dokokin yaƙi da sojojin wasan yara. A 1963 John Boardman, a New York, ya fara gudanar da wasan Diplomacy ta gidan waya: kowa ya aiko da umarninsa kafin ranar da aka tsayar, shi kuma ya buga sakamakon ya aika wa kowa. Tsarin rukunin yaron nan ke nan, saƙon salula ne kawai ya maye gurbin wasiƙa. Labarin da ke ɗorewa mako bayan mako, kowa da mutumin da yake takawa, ya bunƙasa a hannun irin su Dave Arneson, har ya haifi Dungeons & Dragons a 1974.

A ganina, yaron da ke rubuta umarnin da wani zai fahimta ba tare da ƙarin bayani ba yana koyon abin da muke fama da shi a aji. Amma ban sallami uban da daɗin baki ba. Na ce ya binciki wa ke alƙalanci, babba ne ko yaro, ko ana sa kuɗi, kuma ƙarfe nawa ake rufe karɓar umarni. Da ya dawo, ya ce ba kuɗi a ciki, sai dai ana rufewa sha biyun dare. An mai da shi Asabar bayan la'asar.