Abin da matsakaicin maki yake aunawa a wasan kurket

Kurket wasa ne da ba ya rabuwa da alƙalami. Tun 1864 ake buga kundin Wisden a Ingila kowace shekara, kuma mafi yawan shafukansa alƙaluma ne. A cikin waɗannan alƙaluma babu wanda aka fi dogara da shi wajen auna mai bugu kamar matsakaicin makinsa. Hujjar wannan maƙala ita ce, matsakaicin yana auna abu guda ne kawai, wato tsadar fitar da mutum daga fili, kuma yawancin sukar da ake yi masa ta samo asali ne daga ɗora masa nauyin da ba nasa ba.

Kowace ƙungiya tana da 'yan wasa 11. Ɗaya tana bugu, ɗaya tana jifa da tsaron fili. Masu bugu biyu ne suke tsayawa a lokaci guda, kowanne a gaban sanduna uku, tsakaninsu yadi 22. In aka bugi ƙwallo suka sheƙa suka musanya wuri, an ci maki ɗaya. In ƙwallon ta gangara har iyakar fili, maki huɗu ne. In ta tsallake iyakar a sama, shida. Ana fitar da mai bugu in jifa ta kayar da sandunansa, ko aka cafe ƙwallon da ya buga kafin ta taɓa ƙasa, ko ya tare sanduna da ƙafa, ko aka kayar da su yana tsakiyar gudu. Da zarar an fitar da mutum goma zagayen ya ƙare, domin na sha ɗaya ba shi da abokin gudu. Wannan na ƙarshen ana rubuta cewa ba a fitar da shi ba, kuma daga nan gardamar take farawa.

Wajen lissafa matsakaici, ba a raba makin mutum da yawan shigarsa fili. Ana raba shi ne da yawan lokutan da aka fitar da shi. Don Bradman na Ostareliya ya ci maki 6,996 a wasannin Tes 52, waɗanda su ne dogayen wasannin ƙasa da ƙasa. Ya shiga bugu sau 80, aka fitar da shi sau 70, shi ya sa matsakaicinsa ya zama 99.94. Da an raba da 80, da 87.45 za a samu. A shigarsa ta ƙarshe, a filin Oval na Landan a 1948, maki huɗu kacal yake nema ya cika 7,000, matsakaicinsa ya tsaya a 100 cif. Eric Hollies ya kayar da sandunansa a jifa ta biyu, bai ci ko ɗaya ba.

Masu suka suna cewa wannan tsari yana kumbura makin waɗanda suke shiga a ƙarshen layi, kuma suna da abin nunawa. Bill Johnston majefi ne, ba gwanin bugu ba, amma a rangadin da Ostareliya ta yi a Ingila a 1953 ya tashi da matsakaicin 102: ya shiga sau 17, sau ɗaya tak aka fitar da shi. Abin dariya ne, ba shakka. Sai dai laifin na ƙarancin adadi ne, ba na ƙa'idar ba, don duk abin da aka raba da ɗaya zai fito yadda yake. Ga wanda ya daɗe yana wasa kuwa, ina ganin ƙa'idar ta yi adalci. Lokacin da ya fi hatsari ga mai bugu shi ne farkon shigarsa, kafin idonsa ya saba da ƙwallo. Wanda wasa ya tsaya yana da maki 60 an katse shi ne daidai lokacin da hannunsa ya faɗa, kuma in ya dawo a wani zagayen sai ya sake ratsa wancan hatsarin daga tushe. Brian Lara ya ci 400 a Antigua a 2004, Ingila ba ta iya fitar da shi ba. A lissafa masa wannan a matsayin faɗuwa zalunci ne.

Akwai kuma masu cewa zamanin Bradman ya fi sauƙi: a ƙasashe biyu kawai ya buga Tes, kuma 37 daga cikin wasanninsa da Ingila ya yi su. Gaskiya ne. Amma a lokacin ba a rufe wurin jifa daga ruwan sama yadda ake yi yanzu, babu kuma hular kwano. Abin da ya fi ƙarfi ma shi ne, tsararrakinsa sun buga a yanayi iri ɗaya: Wally Hammond ya ƙare da 58.45, George Headley da 60.83. Sachin Tendulkar na Indiya, wanda ya fi kowa yawan maki a Tes, 15,921 a wasanni 200, matsakaicinsa 53.78 ne. Manyan gwanaye na kowane zamani suna taruwa ne tsakanin 50 da 60 da 'yan kai, mutum ɗaya ne ya tsere musu da kusan 40.

Inda matsakaici yake gazawa da gaske shi ne gajeren wasa. A Tes akwai kwana biyar, saboda haka abin da ƙungiya take tattali shi ne mutanenta goma. A wasan T20, wanda aka fara a Ingila a 2003, kowane ɓangare jifa 120 kawai yake da su, kuma sau da yawa jifar ce take ƙarewa kafin mutanen. Ɗauki mutum biyu: ɗaya ya ci 40 a jifa 50 ba a fitar da shi ba, ɗaya ya ci 30 a jifa 15 aka cafe shi. Matsakaici zai fifita na farko, alhali ya cinye kusan rabin jifar ƙungiyarsa. Shi ya sa a nan ake duba saurin cin maki, wato makin da mutum yake ci a kowace jifa 100: na farko yana da 80, na biyu 200, kuma na biyun mai horarwa zai ɗauka.