Boeing 747: Jirgin da ya kusanto da nesa

A ranar 22 ga Janairun 1970 jirgin kamfanin Pan Am ya tashi daga New York ya nufi Landan. Wannan ne karon farko da Boeing 747 ya ɗebi fasinja, kuma daga ranar sai da aka shekara 37 ba a samu jirgin da ya kai shi cin mutane ba, har Airbus A380 ya fito a 2007.

Abin mamaki shi ne, waɗanda suka ƙera shi ba su sa ran zai daɗe yana wannan aiki ba. Lokacin da shugaban Pan Am, Juan Trippe, ya ba da odar guda 25 a 1966, kowa ya ɗauka jirage masu gudun da ya wuce sauti, irin Concorde, su ne za su gaji sararin sama. Don haka injiniya Joe Sutter da mutanensa suka tsara jirgin yadda in fasinja sun guje shi, sai a mayar da shi na dakon kaya. Suka ɗaga ɗakin matuƙa sama domin a iya buɗe hancin jirgin a cusa kaya ta gaba. Asalin tozon nan ke nan da ake gane shi da shi tun daga nesa. Aikin ya kusa durƙusar da Boeing da bashi, don sai da aka gina masa sabuwar masana'anta a Everett, jihar Washington, inda ya yi tashinsa na gwaji a ranar 9 ga Fabrairun 1969.

Concorde ya ƙare a hannun masu hannu da shuni, shi kuwa 747 ya zama na kowa. Jirgin da ke kwasar mutum fiye da 350 a sawu ɗaya dole kamfani ya sauko da kuɗin tikiti in yana son cika kujeru, kuma a ganina nan ne babban alherinsa. Mu a nan mun san shi ta hanyar aikin Hajji. Kakanninmu sun ratsa Chadi da Sudan a ƙasa, wasu suka shekara a hanya, wasu ba su dawo ba. Jikokinsu kuwa jiragen 747 na Kabo Air da Max Air suka riƙa kwasa daga filin jirgin Malam Aminu Kano, cikin sa'o'i kaɗan sun sauka Jidda.

Girman nan kuma ya sa duk ranar da tsautsayi ya faɗa, asarar ba ta misaltuwa. A ranar 27 ga Maris 1977, jiragen 747 biyu, na KLM da na Pan Am, suka yi karo cikin hazo a filin jirgin Tenerife, mutum 583 suka rasu. Na Pan Am ɗin shi ne dai wanda ya yi tafiyar farko zuwa Landan. A 1985 wani 747 na Japan Airlines ya faɗa kan tsauni da rayuka 520, sakamakon gyaran da ba a yi daidai ba shekaru bakwai kafin nan. Bayan Tenerife ne aka tsaurara ƙa'idar magana tsakanin matuƙi da hasumiya, aka kuma koya wa mataimaki ya buɗe baki in ya ga kyaftin zai yi kuskure.

Shan mai ne ya karya 747. Injinansa huɗu ne, alhali Boeing 777 da 787 da Airbus A350 suna cin dogon zango da biyu. Annobar korona ta ƙarasa aikin, British Airways ya ajiye nasa duka a 2020. An ƙera guda 1,574, kuma na ƙarshe, wanda aka miƙa wa Atlas Air a ranar 31 ga Janairun 2023, na dakon kaya ne.