Tsofaffin Manhajojin Darar Ces a Matsayin Abokan Karawa: Waiwaye a Kan Tarihinsu

1.0 Gabatarwa

Duk wasan da ake yi tsakanin mutum biyu, rayuwarsa ta rataya ne a kan samuwar abokin karawa. Mai dara, komai gwanintarsa, in ya rasa wanda zai zauna gabansa su tona gurabe, to gwanintar ta zama ta baki. Wannan matsala ta fi tsanani ga mai koyon ces, wato darar nan mai gida 64 da wasu ke kira darar Turawa, ko da yake asalinta daga Indiya ne, ta ratso Farisa da ƙasashen Larabawa kafin ta isa Turai. A gari irin Doma, mazaunin Andoma kuma cibiyar Alago a Jihar Nasarawa, yaron da ya ga wasan a makaranta ko a wayar hannu ya yi sha'awarsa, ba lallai ne ya sami wanda zai riƙa karawa da shi kullum ba. In ma ya samu, da wuya ya zama sa'ansa ne.

Wannan maƙala za ta bi tarihin yadda na'ura mai ƙwaƙwalwa ta zama abokiyar karawar ɗan'adam a wannan wasa. Abin da ake son nunawa shi ne, manhajojin da aka yi tsakanin 1976 da farkon shekarun 1990, waɗanda aka daɗe da jingine su, sun fi na yau dacewa da buƙatar mai koyo, kuma dalilin haka yana cikin irin kuskuren da suke yi.

2.0 Darar da ta Rasa Abokin Yi

Ces ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa kamar yadda ake zato. A 1934 C. K. Meek ya ba da labari a mujallar Man ta Ingila game da wata dara da ake yi a fadar Borno mai suna tsatsarandi, sunan da ya samo asali daga shaɗaranji na Larabci. Barebari sun raɗa wa 'ya'yan darar sunayen sarautunsu: akwai mai, akwai ciroma, akwai kaigama. Amma a lokacin da aka rubuta labarin, masu iya wasan sun riga sun yi ƙaranci ƙwarai, kuma bai daɗe ba ya ɓace. Wasa ne na fada, na mutane ƙalilan, saboda haka mutuwar kowane dattijo tana rage wa sauran abokin zama. Darar Hausawa kuwa, mai gurbi 30 da 'ya'ya goma sha bibbiyu, ta tsira domin ba ta buƙatar komai sai ƙasa da tsinke da tsakuwa, kuma a inuwar ƙofar gida ake yin ta, inda yaro ke kallon manya har a ba shi wuri.

3.0 Daga Akwatin Yaudara Zuwa Teburin Gida

Burin ƙera na'urar da za ta yi wasan ces ya girmi kwamfuta. A 1770 Wolfgang von Kempelen ya nuna wa fadar Biyana wani akwati mai mutum-mutumin Baturke a kansa, wanda ya yi ta cinye manyan mutane, har da Napoleon a 1809. Ashe gwani ne ake ɓoyewa a ciki. Akwatin ya ƙone a gobarar Filadelfiya a 1854.

Aikin gaskiya ya fara ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1950 Claude Shannon ya wallafa takardar da ta shimfiɗa hanyar da aka bi shekaru da dama: na'ura ta jero duk takun da za ta iya yi, da duk amsar da abokin karawa zai iya bayarwa, zuwa wani zurfi, sannan ta ba kowane matsayi maki, ta zaɓi mafi alheri. Alan Turing ma ya tsara nasa ƙa'idojin, amma bai sami na'urar da za ta ɗauke su ba. Saboda haka a 1952 ya zauna da takarda da alƙalami yana lissafa kowane taku da hannu a madadin na'urar, ya kara da abokin aikinsa Alick Glennie, aka cinye shi. A 2012, a birnin Mancesta, Garry Kasparov ya kara da waɗannan ƙa'idoji na Turing bayan an zuba su a kwamfuta, ya gama da su a taku 16.

Zuwa 1967 manhajar Mac Hack VI, wadda Richard Greenblatt ya rubuta a jami'ar MIT ta Amurka, ta fara shiga gasar mutane. A 1974 manhajar Kaissa ta Tarayyar Sobiyet ta ci gasar duniya ta farko ta kwamfutoci a Stockholm. Sai dai duk waɗannan a manyan na'urorin jami'o'i da cibiyoyin bincike suke, talaka ba ya ko ganin su.

Sauyin da ya shafi mai koyo ya zo ne a 1976, lokacin da Peter Jennings na Kanada ya fitar da Microchess don ƙaramar na'urar KIM-1. Manhajar gaba ɗayanta ba ta wuce kilobayit ɗaya ba, wato ba ta kai yawan haruffan shafi guda na wannan mujalla ba. A 1977 kamfanin Fidelity na Cikago, wanda sana'arsa ta asali ita ce na'urar taimaka wa kurame, ya fito da Chess Challenger, faifan dara mai na'ura a cikinsa. Fitowar farko ta zo da kuskure mai ban dariya, domin an juya haruffa da lambobin gidajen. A 1978 miji da mata, Dan da Kathe Spracklen, suka rubuta Sargon. Daga nan ƙofa ta buɗe: na'urorin Mephisto na Jamus, Chessmaster 2000 a 1986, Fritz a 1991. A karo na farko a tarihin wasan, mutumin da ke zaune shi kaɗai a ƙauye ya sami abokin karawar da ba ya gajiya, ba ya fushi, ba ya kuma yi masa dariya in ya faɗi.

4.0 Lokacin da Na'ura ta Wuce Sa'a

A 1968 David Levy na Sikotlan ya ci alwashin cewa babu kwamfutar da za ta cinye shi cikin shekara goma, kuma a 1978 ya cika alwashinsa a kan Chess 4.7 a Toronto. Ba a yi shekara ashirin ba labari ya sha bamban. Kasparov, zakaran duniya, ya doke Deep Blue ta kamfanin IBM a 1996, amma a watan Mayun 1997 a New York ta rama da maki 3½ da 2½, tana auna matsayi kimanin miliyan 200 a daƙiƙa guda. A 2006 Deep Fritz, a kan kwamfuta irin ta kasuwa, ta doke Vladimir Kramnik da 4 da 2 a Bonn. Tun daga nan batun gasa tsakanin mutum da na'ura ya ƙare. Mafi girman makin da ɗan'adam ya taɓa kaiwa a ma'aunin Elo shi ne 2882 na Magnus Carlsen a 2014, alhali ana auna Stockfish, wadda kyauta ake samun ta, sama da 3500. Na'ura ta tashi daga matsayin abokiyar karawa ta koma alƙaliya, wadda ake kai wa wasa bayan an gama domin ta faɗi inda aka yi kuskure.

5.0 Kuskuren Gaskiya da Kuskuren Ganganci

A dambe da kokawa ba a haɗa ɗan koyo da sarkin fage. Ana neman masa sa'ansa ne, ko wanda ya ɗara shi kaɗan, domin wanda ake kayarwa kullum ba tare da ya san ta inda aka kama shi ba, ba abin da zai koya sai tsoro. Masu manhajojin yau sun san haka, shi ya sa suka sa musu matakan rage ƙarfi. Amma hanyar ragewar ita ce matsalar. Manhajar tana ganin taku mafi kyau, sai a tilasta mata ta zaɓi wani daban jefi-jefi. Sakamakon shi ne abokin karawa mai fuska biyu: ya yi taku goma irin na gwanin duniya, a na sha ɗaya ya ajiye dokinsa a bakin ci ba dalili. Duk wanda ya taɓa yin dara da dattijon da ke sakar masa ci da gangan ya san wannan ɗanɗano. An ci, amma ba a san abin da aka yi aka ci ba.

Tsohuwar manhaja kuwa da dukkan ƙarfinta take wasa, ƙarfin ne kawai bai kai ba. Hangenta ya tsaya a taku uku ko huɗu, kuma abin da ya wuce nan duhu ne a wurinta. Hans Berliner ya yi bayanin wannan aibi a 1973: idan manhaja ta hango asarar da ba makawa, sai ta riƙa sadaukar da ƙananan 'ya'ya domin ta tura asarar bayan iyakar hangenta, ta ɗauka ta tsira. Haka kuma tana da kwaɗayi, ba ta ƙin cin ɗa ko da tarko ne. A ƙarshen wasa, inda ake buƙatar shiri mai nisa, sai ta yi ta zagaye. Amma a gajeren zango ba ta yafiya. Duk ɗan da aka bari ba tsaro, za ta ɗauke shi nan take. Wannan haɗi shi ne ainihin buƙatar mai koyo: tana hukunta sakacinsa kullum, tana kuma ba shi lada idan ya hango abin da ya fi nata nisa. In ya ci ta, ya san dalili, kuma zai iya maimaitawa. Bugu da ƙari, da yake manhajojin sun bambanta da ƙarfi daga Microchess zuwa Fritz na farko, sun zama tsani mai matakai, ana hawa ɗaya bayan ɗaya.

Hujjar cewa wannan giɓi na gaske ne ita ce manhajar Maia, wadda masana daga jami'o'in Toronto da Cornell da sashen bincike na Microsoft suka fitar a 2020. An horar da ita da miliyoyin wasannin mutane domin ta kwaikwayi kuskurensu a matakai daga 1100 zuwa 1900. Wato sai da aka yi sabon bincike kafin a dawo da abin da na'urorin 1980 suke bayarwa ba da niyya ba.

Sai dai kuma da tsohuwar zuma ake magani, ba a mai da ita abinci. Tsohuwar manhaja takan maimaita buɗe wasa iri ɗaya, kuma wanda ya gano raminta zai iya cin ta sau ɗari ta hanya guda ba tare da ya ƙaru da komai ba. Levy kansa da irin wannan dabara ya yi nasara, ta rufe wasa da jinkiri har na'urar ta ɓata matsayinta da kanta, dabarar da ba ta aiki a kan mutum mai hankali. Saboda haka amfaninta yana ga wanda ke sauya abokin karawa da zarar ya fara rinjaye, yana kuma neman mutane duk lokacin da ya samu.

Ta fuskar samuwa kuwa, lamarin ya yi sauƙi. Manhajar DOSBox tana tayar da shirye-shiryen zamanin DOS a kan kwamfutar yau, kuma a 2015 taskar Internet Archive ta saki wasannin wancan zamani sama da 2,000. Yawancin waɗannan manhajoji ƙanana ne ƙwarai, tsohuwar kwamfutar makaranta ta ishe su, kuma da zarar an sauke su ba sa buƙatar intanet. Ga ɗalibi a Doma ko Keana ko Awe, wanda ke lissafin kuɗin data da lokacin wuta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

6.0 Batun Suna

Abin da ya rage ya shafi masana harshe kai tsaye. Sha'awar wasan tana ƙaruwa a Nijeriya, musamman tun da Tunde Onakoya ya kafa Chess in Slums Africa a Legas a 2018, ya kuma yi wasan sa'a 60 a jere a New York a 2024. Tsofaffin manhajojin ba su da yawan magana, wasunsu ma harafi da lamba kawai suke nunawa, irin su e2 da e4, don haka ƙarancin Turanci ba ya hana amfani da su. Amma malamin da zai yi wa yaro bayani da Hausa yana buƙatar sunaye. Sarki da sarauniya da doki sun zauna da kansu, sauran ukun kuwa kowa da abin da yake kiran su. Barebari sun warware wannan tun da daɗewa ta hanyar ɗauko sunaye daga fadarsu, kuma biyu daga cikin sunayen, ciroma da kaigama, sarautu ne da aka sani a masarautun Arewa har yau. Fadar Hausa tana da madawaki da galadima da dakaru, kuma duk yaron da ya taɓa kallon hawan Sallah ya san matsayin kowannensu a bayan sarki.