Darasin Ƙasar Fotugal: Tsakanin Gidan Yari da Asibiti

A shekarun 1990, ƙasar Fotugal da ke yammacin Turai ta faɗa cikin annobar hiroyin. An ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin ɗari na al'ummarta yana amfani da wannan ƙwaya, wato mutum dubu ɗari ko kusa da haka. Unguwar Casal Ventoso a birnin Lisbon ta zama kasuwar ƙwaya a fili. Hukuma ta yi kame, kotuna sun yi ɗauri, gidajen yari sun cika, amma cutar ƙanjamau da ciwon hanta suka ci gaba da yaɗuwa tsakanin masu tsira wa kansu allura.

Dalilin hakan a bayyane yake ga duk wanda ya san asibiti. Mai tsoron ɗan sanda ba ya zuwa wurin likita. A ɓoye yake sha, sirinji ɗaya ya zagaya mutane da yawa, kuma idan ƙwaya ta fi ƙarfin wani ya sume, abokansa kan gudu su bar shi. Tun a 1993 masu harhaɗa magunguna na ƙasar suka fara karɓar tsohon sirinji suna ba da sabo a kantunansu, sai dai tsoron kamu ya hana da yawa zuwa.

Gwamnatin António Guterres, wanda daga baya ya zama Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kafa kwamitin masana, cikinsu har da likita João Goulão. Shawararsu ta zama doka, ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2001. Ƙwayoyin suna nan a haramce, kuma dillali har yanzu gidan yari ne makomarsa. Amma wanda aka kama da abin da bai wuce na shan kwana goma ba, kamar giram 1 na hiroyin ko giram 25 na tabar wiwi, gaban wani kwamiti ake tura shi, inda masanin shari'a da ma'aikatan lafiya ko na jin daɗin jama'a za su saurare shi. Suna iya cin sa tara, su gargaɗe shi, ko su haɗa shi da magani irin su methadone, wanda ke kwantar da ƙishin hiroyin.

A 2001 an samu sabbin masu ƙanjamau fiye da dubu ɗaya cikin masu tsira allura. Zuwa 2012 adadin ya sauka ƙasa da ɗari. Mace-macen ƙwaya a Fotugal sun daɗe suna ƙasa da na yawancin ƙasashen Tarayyar Turai.

Doka kaɗai ba ta yi wannan aiki ba. Jihar Oregon ta Amurka ta sassauta hukunci a 2020 alhali cibiyoyin jinya ba su wadata ba, ta kuma janye a 2024. Sai an tanadi magani, ma'aikata da kuɗi tukuna.

A Najeriya an haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma haramci bai warkar da waɗanda suka riga suka kamu ba. Kunya da tsoro kan sa iyaye su ɓoye ɗansu, ko su kai shi gidan mari. Kamuwa da ƙwaya cuta ce mai magani. Idan tana gidanku, ku kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibiti tun da wuri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.